Daga saukar ruwa zuwa kaka: yadda za ka tsare shanu da tumaki daga cututtukan cizon ƙwari

A ƙauyukan ƙasar Daura, daga tsakiyar Agusta zuwa ƙarshen Satumba, akwai abin da kusan kowace shekara sai an gani. Manomi ya ɗaure shanun huɗarsa da yamma lafiya ƙalau, da asuba ya tarar da ɗaya a kwance, jiki zafi rau, ya daina tuƙa, ya ƙi tashi. A yi masa allura, a ɗura masa jiƙo, shiru. Kafin azahar hankali ya tashi, an aika a kira mahauci, an sayar da san da aka yi shekara biyu ana wahalarsa a kan kuɗin da bai kai rabin darajarsa ba. Alhali in zazzaɓin kwana uku ne ya kada shi, da an bar shi a inuwa ana ba shi ruwa, jibi ko gata zai miƙe da ƙafarsa.

Wannan zazzaɓi ɗaya ne daga cikin cututtukan da sauro da ƙyashi da ƙudaje masu cizo ke ɗauka daga wata dabba su kai wa wata. Huɗu za mu duba a nan: shi wannan zazzaɓin kwana uku, da kullutun fata na shanu, da shuɗin harshe na tumaki, da zazzaɓin Kwarin Rift. Abin da ya haɗa huɗun shi ne ƙwayar bairas ce ke kawo su, kuma babu allurar da ke kashe bairas a jikin dabba. Allurar LA, maganin dabbobin nan mai daɗewa yana aiki a jiki, da muke rugawa gare ta ko saniya tari ta yi, aikinta a kan bakteriya ne. Saboda haka yawancin aikin da ke gabanka da shebur za ka yi shi, da lura da lokaci, da haƙurin jinya. Sirinji yana da wurinsa, amma wurin kaɗan ne.

Ka fara sanin masu kawo ta

Uku ne manya. Na farko sauro, wanda ba ya buƙatar gabatarwa. Na biyu ƙyashi, ɗan mitsitsin ƙwaron nan da tsawonsa bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba, wanda ke ratsa gidan sauro kamar babu shi. Ƙyashi ba ya son ruwa mai zurfi. Abin da yake so shi ne taɓo mai danshi da ya cakuɗe da kashin dabbobi da fitsari, irin na gindin kwamin shan ruwa ko bakin kududdufi. Yana fitowa ne da faɗuwar rana da kuma gabanin fitowarta. Na uku ƙudan cizo, mai kama da ƙudan gida, wanda za ka ga saniya tana ta buga ƙafa saboda shi da rana tsaka. Shi kuma a ruɓaɓɓen ragowar ciyawa da kara da suka jiƙe a turke yake ƙyanƙyasa. Kaska ma tana da hannu a cutar kullutun fata.

Ka lura, biyu daga cikin ukun a cikin gidanka ake haihuwarsu.

Mataki na farko: tun ana zafin bazara

Watan Afrilu da Mayu ne lokacin wannan aiki, kafin ruwa ya zauna. Ka kwashe takin turke kaf ka kai gona. Dama gonar tana jiransa, ka ga an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Ka cike ramukan da kofato ya haƙa da yashi ko burji, ka ɗaga tsakiyar turken ya zama ruwa yana gangarewa waje. Kwamin ruwa in yana yoyo ka gyara, in kuma ana iya ɗaga shi, ka riƙa sauya masa wuri duk bayan 'yan kwanaki don ƙasan ta bushe. Mai garke a daji ya zaɓi tudu mai iska, nesa da fadama da tafki. Ƙyashi ba shi da ƙarfin fiffike, iska kaɗan ke hana shi sauka.

A wannan lokacin ne kuma ake rigakafin kullutun fata. Ka je ofishin kula da dabbobi na ƙaramar hukumarku ka tambaya, ko ku haɗa kai da maƙwabta ku kira malamin dabbobi, tunda kwalba ɗaya ta shanu da yawa ce. Sau ɗaya ake yi a shekara, kuma sai an yi kamar mako uku kafin jiki ya ɗauka. Wanda ya jira sai ya ga kullutu a jikin saniyar maƙwabcinsa ya makara, ba a fafe gora ranar tafiya. Abu uku za ka sa wa ido ranar allurar. Maganin ya zo cikin sanyi, a akwatin ƙanƙara, domin rai gare shi, zafin rana na kashe shi. Wanda aka ajiye a kan tebur a kasuwa tun safe ruwa ne kawai. In an haɗa shi a yi amfani da shi a zaman nan, kada a ajiye ragowa sai gobe. Sannan a riƙa sauya allura, musamman tsakanin garke da garke, don allura ɗaya tana iya yin aikin sauro dubu. Ba a yi wa dabbar da ta riga ta kamu. Wani lokaci wurin allurar yakan kumbura ko nono ya ɗan ragu na 'yan kwanaki, wannan ba abin tashin hankali ba ne.

Mataki na biyu: cikin damina

Ka dawo da dabbobi daga fadama kafin rana ta yi ja, kada kuma ka kai su bakin tafki da duku-duku. Shayarwa ta fi kyau da hantsi zuwa azahar. Na san mai shanu hamsin zai ce wannan magana ce ta mai tumaki uku, kuma yana da gaskiya ta wani ɓangare. To amma ko sa'a ɗaya ka rage musu a bakin ruwa da magariba, ka rage cizo mai yawa.

Hayaƙin da makiyaya ke turnuƙawa a tsakiyar garke da yamma dabara ce mai kyau, kada wani ya raina maka ita. Busasshen kashin shanu da ɗanyen ganyen bedi suna ba da hayaƙi mai kauri, za ka ga shanun da kansu suna matsowa. A fili ake yi, ban da cikin rufaffen ɗaki, ban da kusa da rumbu ko tarin harawa.

Sai maganin zubawa a gadon baya, irin mai deltametirin ko saifametirin wanda aka yi don dabbobi. Ka bi abin da aka rubuta a jikin kwalba game da nauyin dabba da tsawon kwanakin da za a maimaita. Yana rage cizo, ba ya hana shi gaba ɗaya, kuma ruwan sama mai ƙarfi na rage masa kaifi. Abin da nake roƙo a bari shi ne wanke dabba da maganin feshin gona ko fiya-fiya. Dabba tana lasar jikinta, yaron da ya yi wankin ma fatarsa tana sha. Shanu nawa aka rasa ta wannan hanya aka ɗora wa maye laifi.

Uwar gida mai ragunan turka biyu ko uku a cikin gida, naki ya fi sauƙi. Ki share turke kullum, ki zuba toka ko busasshen yashi inda fitsari ke taruwa, ki toshe hanyar da ruwan wanke-wanke ke bi ta gindinsu. In akwai ɗaki mai iska, su kwana ciki daga magariba.

Mataki na uku: abin da ka sayo a kara

Kasuwannin Mai'aduwa da Jibiya da Ɗankama da Caranci suna tara dabbobi daga wurare masu nisa, har da na ƙetaren iyaka. Albarka ce, amma ƙwaro yana tafiyar kilomitoci, mota kuwa tana kai dabba ɗaruruwan kilomita cikin dare ɗaya. Kafin ka biya, ka shafa hannunka a wuya da haƙarƙari da tsakanin cinyoyi, saboda kullutun farko hannu ne ke jin sa kafin ido ya gani. Ka buɗe baki ka duba dasashi. Dabbar da aka karya mata kuɗi ba dalili a tsakiyar damina, ka tambayi kanka me ya sa. Araha ba ta ado.

In ka kawo gida, ka ware ta kwana 28, ka zuba mata maganin ƙwari tun ranar farko. Warewar ta zama da tazara ta gaske. Turke biyu da zana ɗaya a tsakani ba su hana sauro komai ba. Ka sani kuma saniya tana iya ɗauke da bairas ɗin shuɗin harshe a jininta har kusan wata biyu ba tare da ta nuna komai ba, tumakinka ne za su biya.

Mataki na huɗu: gane wacce ce

Ka sayi ma'aunin zafi, irin na kantin magani ya isa. Ana sa shi a dubura, da safe kafin rana ta yi zafi. Saniya mai lafiya tana tsakanin digiri 38 da 39 da ɗoriya kaɗan, tunkiya da akuya sukan kai kusa da 40. In saniya ta haura 40 da sassafe, akwai magana.

Zazzaɓin kwana uku na shanu ne. Farat ɗaya yake zuwa: zafin jiki, rawar tsoka, dalalar miyau, majina, jiki ya sage, ɗingishin da yau yana wannan ƙafa gobe yana waccan. Abin mamaki, ya fi kada manyan bijimai masu ƙiba da shanu masu nono da yawa, maruƙa kuwa da wuya ya dame su. Waɗanda yake kashewa ba su cika wuce 1 ko 2 cikin 100 ba, kuma sau da yawa hannun mai jinya ne ke ƙarasa su, kamar yadda za mu gani.

Kullutun fata ma na shanu ne kaɗai. Bayan zazzaɓi da hawaye da kumburin kaluluwa a gaban kafaɗa da gaban cinya, sai kullutu masu tauri, zagayayyu, faɗin santimita 2 zuwa 5, su feso a wuya da kai da hantsa da maraina, wani lokaci jiki duka. Ƙafafu da ƙirji sukan kumbura. Daga baya tsakiyar kullutun ya mutu ya faɗo, ya bar rami. A shekarar 1929 aka fara ganin cutar a ƙasar da yau ake kira Zambiya, ta daɗe a Afirka kaɗai, ta ɓulla Isra'ila a 1989, ta shiga Girka a 2015, sannan a 2022 ta kashe shanu sama da dubu 100 a Indiya. A wurinmu kisanta bai kai haka ba, ɓarnarta a nono take, da rama, da fatar da majemi zai ƙi saye. Kada ka haɗa ta da kirci. Kirci ɓawo yake yi, gashi ya manne ya yi tsaye cunkus-cunkus, yawanci daga gadon baya, kuma shi bakteriya ne, yana jin allura. Kullutu a cikin fata yake, ba a samanta ba. Kullutun fata ba ya kama mutum.

Shuɗin harshe tumaki yake kayarwa. Sunan yana ruɗar mutane, domin da wuya harshen ya yi shuɗi. Abin da za ka gani shi ne leɓɓa da fuska da kunnuwa sun kumbura, baki ya yi ja ya yi gyambo, miyau na zuba, majina ta bushe a hanci, sannan saman kofato ya yi ja, tunkiya tana tafiya kamar mai taka ƙaya ko ta durƙusa a gwiwa. Tumakinmu na gida, 'Yankasa da Uda da Balami, sun fi na Turai jure mata, sau da yawa ma su kamu su warke ba a sani ba. Wanda ya sayo irin waje da tsada shi ya kamata ya fi kowa tsoro. Yadda za ka bambanta ta da sauran: in awaki ne suka fi faɗuwa, ga zawo ga tari, ka fi zargin annobar awaki da tumaki, wadda ke yaɗuwa ta cuɗanya kuma take da rigakafinta. In shanu ne ke dalala da ƙuraje masu ruwa a harshe da tsakanin kofato, garke duka cikin 'yan kwanaki, wannan ciwon baki da kofato ne.

Shuɗin harshe yana da ɗan'uwa, shi ma ƙyashi ke kai shi, wanda ya yi suna wajen kashe barewar Amurka mai farar wutsiya. A jihar Niyu Jazi aka fara tantance shi a 1955. Mafarauta can sukan tsinci gawarwakin a bakin rafi a ƙarshen lokacin zafi, saboda zazzaɓi ne ke kora su neman ruwa. Yana taɓa shanu ma, da gyambon baki da ɗingishi, kuma a 2022 ya shiga Italiya da Sifen. Mai kiwon barewa ko gada a gida don sha'awa, ya tsare su daga ƙyashi kamar yadda zai tsare tumaki.

Ta huɗun, zazzaɓin Kwarin Rift, na ware mata wurinta a ƙasa, don ita ba dabba kaɗai take nema ba.

Mataki na biyar: jinya

Ka ware marar lafiya, ka kai ta inuwa, ka zuba mata maganin ƙwari don kada a ɗauka daga jikinta a kai wa saura. Ruwa mai tsabta a gabanta kullum. Abinci mai laushi: ɗanyar ciyawa, dussa da aka jiƙa, ƙasari. Mai gyambon baki ba za ta iya da kara ko busasshiyar harawa ba, yunwa ce za ta kashe ta kafin cutar.

Ga babban kuskuren da ake yi: ɗura. Sa mai zazzaɓin kwana uku da tunkiya mai shuɗin harshe sukan kasa haɗiya. Ka ɗaga kai ka ɗura jiƙo ko kanwa, ruwan ya wuce huhu, bayan kwana biyu dabba ta mutu da ciwon huhu, a ce cutar ce ta yi ƙarfi. In ba ta sha da kanta ba, ka jiƙa mata baki, ka kira malamin dabbobi.

San da ya kwanta kada a dake shi, kada a murɗa masa wutsiya, kada a zuba masa barkono a ido wai don ya tashi. Ka gyara masa kwanciya a kan ƙirji, ka tokare shi da buhun ƙaiƙayi, don in ya baje a gefe ɗaya ciki zai kumbura. Ka juya shi daga wannan ɓari zuwa wancan sau da yawa a yini, ka shimfiɗa masa busasshiyar ciyawa. Allurar rage zafi da kumburi tana taimaka masa ƙwarai, wani lokaci da ruwan kalsiyam, amma wannan na biyun aikin likita ne, in aka tura shi da sauri a jijiya yana tsayar da zuciya. In ya tashi, ka ba shi hutun aƙalla mako guda kafin ka ɗora masa karkiya ko ka ɗaura masa amalanke. Wanda ya yi gaggawa yakan ga san ya sake faɗuwa.

Mai kullutu kuwa doguwar jinya ce, makonni har watanni. Ka wanke ramukan da ruwan gishiri, ka shafa aidin ko feshin gyambo mai korar ƙuda, ka duba kullum kada tsutsa ta shiga. A nan ne allurar LA ke da amfani, idan gyambo ya yi ruwa ko huhu ya kamu ko hantsa ta kumbura, kuma malamin dabbobi ne zai faɗi adadi. Ka tambaye shi kwana nawa za a jira kafin a sha nonon ko a yanka. Bijimin da ya yi wannan ciwo yakan daɗe bai iya ba da ciki ba, wani ma har abada, saboda haka kada ka dogara da shi a barbarar bana.

Mataki na shida: in ɓari ya yi yawa

Tunkiya ɗaya ta yi ɓari, wannan yana faruwa. Amma in cikin mako ɗaya tumaki da awaki da yawa suka zubar da ciki, ƙanana da manyan ciki duka, 'ya'yan da aka haifa kwanan nan suna mutuwa cikin kwana ɗaya ko biyu, maƙwabta ma suna kuka da haka, kuma shekarar ta yi ruwa mai yawa har da ambaliya, to ka ɗauka zazzaɓin Kwarin Rift ne har sai likita ya ce ba shi ba ne. Shanu da raƙuma ma suna ɓari da shi.

A Kenya aka gano shi a 1931. Wani irin sauro ne ke saka ƙwai a ƙasar fadama, ƙwan ya jure fari na tsawon shekaru da bairas a cikinsa, ranar da ruwa ya malale wurin ya ƙyanƙyashe. Shi ya sa cutar takan yi shiru shekara da shekaru sannan ta tashi gaba ɗaya. Ta yi ɓarna a Masar a 1977, ta tsallaka Saudiyya da Yaman a 2000. A 2016 ta ɓarke a jihar Tawa ta Nijar, wajen Cintabaradan, ta kashe mutane fiye da 20, yawancinsu makiyaya. Tawa ba nisa ba ce ga mai sayen dabba a kasuwannin iyaka, kuma gwajin jini da aka sha yi a Najeriya ya nuna dabbobinmu suna haɗuwa da wannan bairas.

Mutum yana kamuwa ne galibi ta taɓa jini, da ɗan ɓari, da mabiyiya, da ruwan haihuwa, sai kuma ɗanyar madara da cizon sauro. Saboda haka kada ka sa hannu tsirara. In babu safar hannu, ka ninka leda biyu ka ɗaure a wuyan hannu, ka rufe hanci da baki. Ka haƙa rami mai zurfi wanda kare ba zai tone ba, ka binne ɗan da mabiyiyar da shimfiɗar da ta jiƙe, ka wanke hannu da sabulu. Yara da mata masu ciki su yi nesa. Madara a tafasa ta kafin a sha ko a kwantar da ita.

Wurin da ya fi wuya shi ne yanka. Mun saba in dabba ta jigata a yi maza a sa mata wuƙa kada ta zama mushe, kuma ba wanda ke son asara. To amma a wannan cuta, lokacin yanka da fiɗa ne jini ke fantsama ya kama mai wuƙa da mai riƙe ƙafa. Rago ɗaya bai kai ran magidanci ba. Mahauta da masu fiɗa a kwata su ma wannan magana tasu ce. Duk wanda ya yi zazzaɓi da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi cikin kwana 2 zuwa 6 bayan ya taɓa irin wannan dabba, ya je asibiti, kuma ya faɗa da bakinsa cewa ya taɓa ɗan ɓari ko ya yi fiɗa. In bai faɗa ba za a ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne. Mafi yawa suna warkewa, kaɗan ne cutar ke taɓa musu ido ko ƙwaƙwalwa ko ta sa su zubar da jini.

Ka kai rahoto ofishin dabbobi a ranar, ka sanar da mai unguwa ko ardo. Ka tafi da bayani a hannu: dabbobi nawa gare ka, nawa suka kamu, nawa suka mutu, yaushe aka fara, ko ka sayo sabuwa kwanan nan da kasuwar da ta fito, da inda suke shan ruwa. Ka ɗauki hoto da waya. Su ne za su ɗebi jini su aika ɗakin gwaji, irin na cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda ke wannan aiki tun 1924. Kafin sakamako ya fito kada ka kai ko akuya ɗaya kasuwa. Kada kuma ka nemo rigakafin wannan cuta da kanka: wani irinsa yana sa mai ciki ɓari, kuma yin allura a tsakiyar annoba yana ƙara yaɗa ta.

Bayan ruwa ya ɗauke

Kada ka saki jiki da ɗaukewar ruwa. Oktoba tafkuna suna ja da baya suna barin taɓo a gefe, wanda shi ne gidan ƙyashi, don haka ka ci gaba da hayaƙi da maganin baya har hunturu ya kankama. Masu kiwo kusa da madatsun Sabke da Dabiram da Ajiwa da Jibiya, da duk inda ake noman rani, su nasu ƙwarin ba sa tafiya hutu. Su ja garke baya daga bakin ruwa ko da rani, su kai shanu mashaya da hantsi su dawo da su tudu kafin la'asar sakaliya.